Kilomita 21 a Gindin Badalar Kano

Ranar wata Asabar a tsakiyar watan Janairu muka bar Jos, ni da 'yata ta fari, cikin sanyin nan da ke sa mutum ya tsaya yana kallon butar alwala kafin ya taɓa ta. Gudu ne ya kai ni Kano. Akwai wasu mata Kanawa da muka saba a wani zauren WhatsApp na masu motsa jiki, su ne suka shirya za su zagaye birni da ƙafa, kilomita 21, rabin gudun fanfalaki ke nan. Babu kofi, babu kuɗi, babu mai busa usur. Babbarsu, wadda kowa ke kira Yaya, ta turo min saƙon murya ta ce, "Ƙanwata, kullum ke ce turo mana hotunan duwatsunku. Ki zo ki taka namu titunan, ga ɗaki nan yana jiran ki."

'Ya'yana uku. Bayan haihuwar autana jinina ya hau ya ƙi sauka, likita ya ɗora ni a kan magani ya ce in riƙa tafiyar ƙafa kullum. Tafiyar ce ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu. Baban yara bai taɓa hana ni ba, amma da maganar Kano ta taso ya kafa sharaɗi: ba zan kwana a otal ba, kuma sai ya yi magana da maigidan wadda za ta sauke ni. Suka yi magana ta waya, hankalinsa ya kwanta. Yarana maza biyu na kai su wajen Inna, mahaifiyar babansu. Ta rako ni har bakin ƙofa tana cewa, "Ki kula min da jikata, kuma kar ki dawo min da ciwon gwiwa."

A tashar Bauchi Road muka samu Sharon mai zuwa Kano. Naira 13,000 kowace kujera, yarinyar ma cikakken kuɗi na biya mata, sai 2,000 na kaya saboda rabin buhun dankalin Turawa da karas da kabeji da na sayo a Farar Gada don tsaraba. Sai wajen ƙarfe takwas motar ta cika. Muka bi ta Mista Ali, muka gangara Jengre, daga nan har Saminaka ramuka ne direba ke ta kauce musu. Abin da ya fi damuna shi ne gwiwoyina da suka maƙale a bayan kujerar gaba, ga shi gobe su nake so su ɗauke ni.

Shingayen bincike suna da yawa a hanyar. Wasu direba kan rage gudu ya ɗaga hannu a wuce, wasu kuma sai ya miƙa abin da ya dunƙule a tafinsa. A wani shinge kafin mu bar ƙasar Kaduna, wani soja ya ce a buɗe but. Ya zuge jakata, ya ci karo da kambas ɗina a sama. Ya ɗaga shi ya juya ƙasansa, ya ga yadda dugadugan suka cinye, ya tambaya na waye. Na ce nawa ne. Ya dube ni da zumbulelen hijabina, ya sake duban takalmin, ya ce, "Madam, kilomita nawa?" Na ce 21. Ashe ɗan Pankshin ne, garin da ake horar da 'yan gudun dogon zango na jiharmu, kuma ya yi gudu a makaranta kafin ya shiga soja. Ya mayar da takalmin da kansa, ya zuge jakar, ya ce in wakilci Filato da kyau, kuma kar in fara da sauri. Daga nan duk motar ta san abin da zai kai ni Kano. Wani dattijo mai sayar da hatsi da ke gaba ya juyo ya ce, "Hajiya, da girmanki?" Wata mata a gefena kuwa ta matso ta tambaye ni a hankali ko gudun yana rage ƙiba da gaske, kuma ko maigidana ya sani.

Da muka wuce Doguwa muka shiga dajin Falgore sai hira ta mutu. Sabis ɗin waya ya ɗauke, kowa ya kama addu'a a ransa, direba ya taka mota. Direbobin wannan hanya ba sa son yamma ta yi musu a dajin. Dattijon nan ne ya katse shirun, ya nuna wa 'yata wata gada ya ce mata Kogin Kano ya ratsa ta dajin nan, daga gindin duwatsun ɓangarenmu yake tasowa, shi ke cika dam ɗin Tiga, ruwan Tiga kuma shi ke shayar da shinkafar Kadawa da Kura. Mun tsaya a Tudun Wada muka yi sallar azahar, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji, faranti 1,200. A Kwanar Dangora muka hau babban titin Zariya zuwa Kano, mota ta daina jijjiga, muka wuce kwandunan tumatir na Kwanar Gafan da koren fadamun Kura. Kafin la'asar muna Unguwa Uku.

Hazo ne ya fara tarbar mu. A Jos ma muna da hunturu, amma namu sanyi ne mai cizo da sararin sama a buɗe. Na Kano ƙura ce fara fat da ta rufe gari, rana na sama kamar an lulluɓe ta da mayafi, kana jin ƙasa-ƙasa a haƙoranka.

Yaya da kanta ta zo ɗaukar mu a adaidaita sahu. Muryarta kawai na sani, ina zaton zan ga sa'ata, sai ga dattijuwa mai jikoki, tsohuwar shugabar makarantar firamare, siririya, tana tafiya da sauri har 'yan kamasho na ba ta hanya. Ta rungume ni, ta riƙe hannun 'yata ta ce, "Wannan tawa ce har ku tafi." Gidanta na Gyaɗi-Gyaɗi, ba nisa da Asibitin Malam. Ɗakin 'yarta da ta yi aure ta ba mu. Tun kafin mu ajiye jaka aka kawo gurasa bandashe, an barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, man gyaɗa ya ratsa ta. 'Yata ba ta taɓa ci ba, ta cinye tata ta koma kan tawa. Da daddare aka yi tuwon shinkafa miyar taushe, Yaya ta tsaya a kaina ta ce in ƙara malmala, gobe da ita zan yi gudu.

Bayan isha'i sauran matan suka zo, falo ya cika. Akwai likitar mata, akwai tela, akwai mai sayar da atamfa a cikin gida wadda ke sarowa a Kantin Kwari, malamai biyu, wata ɗaliba daga Jami'ar Bayero, sai wata 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Sabon Gari da ke da shagon magani, Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Akwai kuma wata yarinya mai goyo, jaririnta wata bakwai, kowa na kiran ta Amarya duk da haihuwarta ta biyu ce. Kowacce ta ajiye 3,000 a faranti, kuɗin ruwan leda da dabino da ayaba da hayar adaidaita biyu da za su biyo mu. Na ciro tawa, Yaya ta mayar min da ita cikin jaka ta ce a gidanta baƙo ba ya biya.

Nan na ji tsarinsu. Ba a fita sai an yi sallar asuba. Babu mai gudu ita kaɗai, ko da mita ɗari ce. Mutum ɗaya a gaba, mutum ɗaya a can baya, kuma ta bayan nan ba ta wuce kowa, duk wadda ta gaji ita za ta tarar. Yaya ce ke riƙe da bayan. Mijin tela da ƙanin likita za su bi mu a keke, ɗaya gaba ɗaya baya. Duk abin da aka faɗa mana a titi ba a tankawa, gaisuwa kaɗai ake amsawa. Ba a saka hoton kowa a intanet sai da yardarta. Shiga kuma dogon wando ne mai sakewa, riga har gwiwa, da ƙaramin hijabi mara nauyi, tela ce ma ke ɗinka musu daga yadi mai shan iska. Duk waɗannan dokoki, in ji Yaya, wani abu ne ya faru kafin a kafa kowacce.

Da aka kora yara ɗaki, hira ta koma irin wadda ban taɓa samun wanda zan yi da shi ba a Jos. Ɗaya daga cikin malaman ce ta fara, ta ce tun haihuwarta ta huɗu in ta yi gudu fitsari kan ɗan zubo mata, har ta kusa daina fita don kunya. Sai ga hannuwa a sama, har da nawa. Shekaru ina fama da wannan abu ina ɓoyewa, ina tsammanin ni kaɗai ce. Likita ta gyara zama ta yi mana bayani dalla-dalla: ciki da naƙuda suna sassauta naman ƙasan mara da ke riƙe mafitsara, kuma naman nan ana iya ƙarfafa shi kamar kowane nama a jiki, a matse shi kamar mai riƙe fitsari, a ɗan riƙe, a saki, a maimaita kullum, wata da watanni. Ta ce wadda abin ya ƙi ta zo asibiti, akwai abin yi. Sannan ta ɗaure fuska ta yi maganar da ta ce tana yi wa duk sabuwar shiga: ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa ya yi yawa a yankinmu, don haka mai jegon da ke haki in ta kwanta, ko ƙafafunta suka kumbura, asibiti za ta nufa kafin ta nemi kambas. Arba'in ta cika ba yana nufin jiki ya gama komawa ba, balle wadda aka yi wa tiyata. Ita Amarya sai da likita ta duba ta, ta sa ta yi watanni tana tafiya kawai kafin ta bar ta ta fara sassarfa.

Ɗalibar ta ciro waya ta nuna min bidiyon Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha da ke yi wa Holan gudu, a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Ta ci tagulla a mita 5,000 da mita 10,000, sannan ta ci zinare a gudun fanfalaki na kilomita 42.195, ta hau dandamali ta karɓi lambarta sanye da hijabi duniya na kallo. Mai atamfa ta ce bidiyon nan ta tura wa yayan mijinta lokacin da ya kira taron dangi a kanta, tun daga nan bai sake tayar da maganar ba. Likita ta ƙara da Derartu Tulu, ita ma 'yar Habasha, wadda ta ci gudun fanfalaki na birnin New York a 2009 tana da shekara 37, tana uwa. Ta ce mu tuna sai a 1984 aka fara barin mata su yi wannan gudu a Olamfik, don haka ko a can ƙasashen ba a daɗe da daina cewa jikin mace ba zai ɗauka ba.

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Lahadi muna bakin Filin Sukuwa, gari bai gama wayewa ba. Kanawa duk sun sha rigunan sanyi har da safar hannu, ni kuwa iskar daɗi take min. Muka shafa basilin a leɓe da cikin hanci, Yaya ta yi addu'a, muka tashi. 'Yata na cikin adaidaita ta farko tare da buhun ruwa, an ba ta aikin miƙawa. A ta biyun akwai jaririn Amarya a cinyar kakarsa, uwar mijinta, tsohuwa ta naɗe shi cikin bargo har kai.

Kilomitocin farko a kan State Road sun ba ni mamaki. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Na saba numfashi ya fara yi min nauyi tun a hawan farko idan na fita ta Bauchi Ring Road zuwa Lamingo, sai ga shi a nan ƙirjina a buɗe, titi a shimfiɗe ɗoɗar babu hawa babu gangara. Ƙafafuna suka so tafiya. Na tuna maganar sojan nan, na dawo na jera da malaman.

Muka wuce gadar Ƙofar Nassarawa, muka bi ta Gidan Murtala muka hau titin BUK, badala ta bayyana a damanmu. Tun a makaranta na karanta cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a zamaninsa, 1463 zuwa 1499. Gani da ido daban ne, musamman ga mai tafiya a ƙasa. A mota ƙofofin kawai kake gani, Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, an gyara su an yi musu fenti. Mai gudu shi ke ganin abin da ke tsakaninsu: nan jar ƙasa ce ta yi tsayi ruwan sama ya tsattsaga ta, can ta zube ta zama tudu yara na hawa, gaba kaɗan kuma babu ita sam, shaguna sun hau gurbinta. Tela, wadda a cikin birni aka haife ta, tana gudu tana nuna min wuraren da ta ce tana yarinya kududdufai ne a gindin badala, yanzu duk an cike su an yi gini. Muryarta ta canza tana faɗa. Ni baƙuwa ce, amma abin ya taɓa ni, domin aikin hannun mutane ne na ɗaruruwan shekaru yake narkewa a gaban jikokinsu.

Gari ya fara motsi. Masu shayi sun hura wuta, almajirai sun kewaye wata wutar kara suna jin ɗumi, masu shara na ta tayar da ƙura, yara 'yan Islamiyya na tafe cikin inifom. Kuma kowa kallon mu yake. Wannan ne babban bambancin da na gani. A Jos mai gudu ba abin kallo ba ne. Ka fita da asuba ka gamu da 'yan wasan jiha suna atisaye, da sojoji, da matan coci rukuni-rukuni, babu mai waiwayen ka. Hijabina ma ya daina ba kowa mamaki a hanyata. Sai dai babu mai jira na. Yaran nan masu horo a filin wasa na Rwang Pam sukan wuce ni fuu, su ɗaga min hannu, shi ke nan, ni da agogona muke tafiya mu dawo. A Kano kuwa ido kaɗai ya isa ya mayar da mace gida idan ita kaɗai ce. Wani saurayi a bakin shago ya ɗaga murya, "Hajiya, wa ya biyo ku?" Wani mai mota ya rage gudu ya ce mu koma mu dama wa yara koko. Na ji raina ya ɓaci, bakina ya cika da amsa. Babu wadda ta tanka. Tela ta ce masa, "Ina kwana, Alhaji," muka wuce. Kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero kuma wani tsoho da carbi a hannu ya tsaya ya matsa mana gefe, ya ce, "Sannunku 'ya'yana, Allah ya ƙara lafiya." Duk muka amsa da amin a tare.

A Kabuga, wajen kilomita 11, jaririn ya farka. Kukansa muka jiyo daga adaidaita, kakar ta leƙo ta ce, "Ke Amarya, zo ki ba shi, ya ƙi ruwan." Ban ji wanda ya ba da umarni ba, kawai na ga ta gaba ta tsaya, kowa ya tsaya. Aka ja adaidaitar gefen titi, Amarya ta shiga ta zauna tana haki, gumi na ɗiga daga haɓarta. Matan suka jeru suka juya baya suka tare ƙofar, mai atamfa ta ware zani ta riƙe gefe ɗaya, ni na riƙe ɗayan. Mazan biyu suka matsa can nesa da kekunansu. Kakar ta jiƙa tsumma ta goge wa surukarta jiki kafin ta miƙa mata yaron, ta ɓare dabino tana sa mata a baki ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ci, ke ma ai sai da ƙarfi." Kukan ya tsaya ɗif, sai ƙarar haɗiyarsa. Mun fi minti goma a tsaye. Duk mai gudu ya san abin da tsayuwa irin wannan ke yi wa ƙafa a cikin sanyi, jiki ya huce, tashi ya yi wuya. Ban ga wadda ta duba agogo ba. Suna ta taka ƙafa a wuri ɗaya suna hirar kuɗin makaranta. Ni da na yaye autana da wuri don na ga goyo da gudu ba za su haɗu ba, na riƙe bakin zanin nan idona ya cika da hawaye. 'Yata ta zo ta miƙo min ruwa ta ce, "Mama, ƙura ce?" Na ce mata a'a.

Daga Kabuga muka karya ta Tal'udu muka hau titin Aminu Kano. Goron Dutse na gefenmu, Dala kuma can gaba hazo ya kusa shanye shi. Akwai ɗan hawa a nan da Kanawa ke jin tsoro, tun daren jiya suke min gargaɗi a kansa, ni kuwa a nan ne na ji ƙafata ta samu abin da ta saba. Sai na koma baya na jera da malamar da ke fama, na nuna mata yadda muke yi a gida: a rage faɗin taku, a ɗan sunkuyo daga idon sawu, a bar hannu ya yi aiki, a daina kallon ƙarshen hawan. Muka haye tare. A Gwammaja Yaya ta nuna min Gidan Mumbayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna kuma aka binne shi a 1983. Ta ce mahaifinta ɗan NEPU ne, jam'iyyar Malam, kuma saboda wa'azin Malam a kan karatun mata ya sa ta a makaranta lokacin da 'yan'uwansa ke cewa a yi mata aure.

Wahalata ta zo a wajen kilomita 17. Ƙurar da nake shaƙa tun safe ta taru a maƙogwarona, tari ya sarƙe ni. Shimfiɗaɗɗen titin nan da na yi murna da shi ma yana da nasa: babu gangarar da za ka huta a kanta, nama ɗaya ke aiki tun daga farko har ƙarshe. Kafin Ƙofar Ruwa sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau, na dafa wata motar da ke ajiye na kasa ɗaga ƙafa. Mai shagon maganin nan ce ta fara isowa. Ta durƙusa a kan kwalta, ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta tura yatsun sama tana murza naman da man zafi, tana cewa, "Yi numfashi, 'yar'uwa, zai saki." Yaya ta iso daga baya ta haɗa min ruwan gishiri da sukari. Na ce su tafi, zan shiga adaidaita in same su a can. Yaya ta ce in shiga idan ina so, babu abin kunya a ciki, amma in don kar in ɓata musu lokaci ne to in bar wannan magana, sannu ba ta hana zuwa. Ina ɗaga kai sai ga na gaba sun juyo suna dawowa da sassarfa. Haka suke yi ashe, masu sauri sukan je su dawo su ɗauki na baya, har wasunsu kan ƙare da kilomita 23 ko fiye.

Muka yi tafiya ta ɗan lokaci, sannan muka koma sassarfa, mai magani a hagu, Amarya a dama. Daga Ƙofar Ruwa zuwa Mazugal zuwa Wambai Kano ta gama tashi, adaidaita ta cika titi, 'yan dako na tura kura, dole muka koma layi ɗaya a gefen hanya ƙanin likita na gaba yana buɗa mana da ƙararrawar keke. Hayaƙi ya haɗu da ƙura. Wannan yanki ban ga komai ba sai bayan rigar wadda ke gabana. Na dai tuna mun wuce bakin Kwari, sai na ji tela na cewa ga marinar Ƙofar Mata can, wadda aka kafa tun 1498, mun iso. A ƙofar filin wasa na Sani Abacha muka tsaya. Na gaba sun ƙi ƙarasawa, sun tsaya 'yan mitoci kaɗan sai da Yaya ta iso, sannan muka taka tare. Kusan awa uku muka yi. A Jos nakan yi wannan nisa ƙasa da awa biyu da rabi, kuma in gama in juya gida babu wanda ya san na yi.

A gefen titi muka baje. Aka sayo koko da ƙosai da waina, kakar jaririn ta buɗe kwanon dambun nama da ta ɓoye tun safe. Likita ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ke jin jiri, wa ke da ƙwarzabar takalmi. 'Yata ta zauna kusa da ɗalibar nan tana ta yi mata tambayoyi, daga baya ta zo ta raɗa min cewa ita ma tana son kambas. Da yamma Yaya ta kai mu layin 'yan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai. Mai kayan ya ce 9,000, Yaya ta juya takalmin ta lanƙwasa shi ta nuna masa inda ya fara sakewa, aka daidaita a 6,000. Mun leƙa Kurmi a gurguje na sayi wa Inna turaren wuta, na sayi alkaki da kilishi na yara.

Litinin da safe muka kamo hanya daga Unguwa Uku. Na biya kuɗin kujerar gaba don in miƙe ƙafa, mun ratsa Falgore da hantsi, sojan Pankshin kuma ba shi ne a bakin aiki ba, na so in faɗa masa na gama. Sauka daga mota a Jos sai da 'yata ta riƙe ni.

Sun ce za su zo Jos bayan ƙaramar Sallah, kuma shirin yana wuyana. Na samu masu Keke Napep biyu da suka yarda su biyo mu. Na auna hanya daga Bauchi Ring Road zuwa Lamingo, na cire hawan da ya fi tsanani. Likita ta ce su iso da kwana biyu kafin ranar saboda iskar tudu, don haka sai na nemo ƙarin katifu. Abin da ya rage shi ne mata. Na bi gidajen layinmu ina magana, maƙwabtana biyu sun fara fitowa tafiyar asuba tare da ni, ɗaya da goyonta a baya. Inna ta ce ranar gudun a ba ta kujera a cikin Keke, ita za ta riƙe yaron.